Maganin da ya baƙanta haƙoran Ummi, kuma zan sake kai ta a shafa mata

Duk uwar da ɗanta yake da rami a haƙori, take ta ja da baya wajen kai shi asibiti saboda tsoron allura da ƙarar injin nan mai ƙwaƙule haƙori, ina so ta san cewa akwai wani magani da shafa shi kawai ake yi. Babu allura, babu ƙwaƙula, kuma yana tsayar da ruɓewar a inda ta kai. Sunansa silba dayamin fuloraid, likitoci suna taƙaita shi su ce SDF. An shafa wa 'yata Ummi, mai shekara huɗu da 'yan watanni, a wani asibitin haƙori mai zaman kansa nan cikin Kano. Yanzu an kwana biyu, na ga yadda abin ya kasance, shi ya sa na zauna in rubuta ra'ayina a kan maganin da kuma asibitin da suka yi aikin.

Abu na farko da ya kamata kowa ya ji: maganin yana mayar da wurin da ya ruɓe baƙi ƙirin, kuma baƙin ba ya fita har haƙorin ya faɗi. Wanda aka shafa wa ɗansa ba tare da an gaya masa haka ba, ransa zai ɓaci ƙwarai, kuma yana da gaskiya. Ni an gaya mini, an nuna mini, an ba ni lokaci na yi tunani. A kan wannan na fi yaba wa asibitin, fiye da sanyin ɗaki da kyawun kujeru.

Ummi tana da rami a turame biyu na ƙasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai kuma wani tabo mai ruwan ƙasa a haƙoran gaba na sama, can kusa da dasashi. Ba ta kukan dare, fuskarta ba ta taɓa kumbura ba. Sai dai in ta sha ruwan sanyi, ko zaren nama ya shige ramin, za ta tsaya da cin abinci ta dafe kunci. A hankali ta koma tauna da gefe ɗaya, daga baya ta fara ƙin nama gaba ɗaya. Kakarta, mahaifiyar babansu, ta ce tsutsa ce, a daka kanumfari a cusa mata, kuma ai haƙoran yarinta ne, za ta yi famfara su zube. Kanumfarin yana rage zafi na ɗan lokaci, wannan kowa ya shaida. Amma maganar famfara ita ce take yaudarar mu da yawa. Haƙoran gaba ne suke fara zubewa wajen shekara shida ko bakwai. Turamen yarinta kuwa suna nan daram sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Yarinya 'yar shekara huɗu mai rami a turmi, tana da shekara shida ko fiye a gabanta da za ta yi tauna da shi, kuma shi ne yake riƙe wa haƙorin girma gurbinsa. In aka cire shi da wuri, na kusa da shi sai su matso, na girman ya rasa wuri ya fito a karkace.

Asibitin ba babba ba ne. Gida ne aka gyara, falon ya zama wurin jira, ɗakuna biyu suka zama na aiki. Yana da tsabta, babu warin da ke sa yaro ya gane inda aka kawo shi tun daga ƙofa. An yanka mana kati, muka zauna, kuma mun daɗe a zaune, zan dawo kan wannan. Abin da na fara lura da shi da muka shiga shi ne kayan aikin: madubin baki da ɗan ƙarfen da ake taɓa haƙori da shi duk a cikin leda a like suke, a gabanmu aka yage ledar. Ni malamar makaranta ce, ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, don haka irin wannan ba ya wuce idona.

Likitar mace ce, matashiya. Ba ta ce a ɗora Ummi a kan babbar kujera ba. Ta jawo kujera ta zauna daura da ni, gwiwarta da gwiwata, ta ce in rungume yarinyar tana fuskantata, sannan in kwantar da ita baya, kanta a cinyar likita, ƙafafunta a jikina. Ta ba ta ƙaramin madubi ta riƙe, ta ce, "Zo mu ƙirga haƙoranki, 'yan mata, in ga ko sun kai ashirin." Ummi ta buɗe baki da kanta. Kafin ta taɓa komai sai da ta yi mini tambayoyi, kuma ta maimaita wasu: tana tashi cikin dare da ciwo? Ciwon yana zuwa haka kawai, ko sai ta ci wani abu? Na taɓa ganin ƙurji a dasashi kusa da haƙorin? Jikinta yana ƙin azurfa, kamar ɗan kunne ko zobe? Sannan aka ɗauki hoton turamen da wata 'yar na'ura, nan take ya fito a fuskar kwamfuta, ta nuna mini inda ramin ya tsaya da inda jijiyar haƙorin take. Akwai sauran tazara tsakaninsu. Ta ce wannan tazarar ita ce ta ba mu zaɓi.

Zaɓin da ta shimfiɗa mini uku ne. Ko a yi ciko irin wanda aka sani, da allurar kashe zafi da inji, wanda ga yarinya mai waɗannan shekarun sau da yawa sai an danne ta, ko ma a kai ga sa ta barci a babban asibiti. Ko a kankare ruɓin da ɗan cokalin hannu a cike da wani farin siminti da ake kira gilas-ayonoma. Ko kuma a shafa SDF, a tsayar da ruɓewar, daga baya a duba ko akwai buƙatar rufe ramin. Ta ɗauko wayarta ta nuna mini hotunan bakunan yara bayan shafawa, babu fuska, baki kawai. Gani ya kori ji. Baƙin ba ɗan dishi-dishi ba ne, baƙi ne sosai. Ta ce, "Maman Ummi, ki duba da kyau. A turmi ba mai gani sai in ta wangame baki. A haƙoran gaba kuwa duk wanda ta yi wa murmushi zai gani. Kar ki yanke hukunci a nan, ki kira babanta ku yi shawara." Ta fita ta duba wani mara lafiya ta bar ni da wayata.

Shawarar da muka yanke ita ce a shafa a turame biyun, a bar na gaba. Tabon gaban bai zama rami ba tukuna, don haka ta shafa masa wani man fuloraid mai danƙo wanda ba ya canza launi, ta ce a sa ido a kai.

Aikin kansa bai ɗauki lokacin da aka ɗauka ana bayani ba. Ta shafa wa Ummi basilin a leɓɓa da gefen baki don kar maganin ya taɓa fata, aka yafa mata leda a ƙirji, aka sa auduga a kewaye haƙorin, aka busar da shi da iska. Ɗigo ɗaya tak ta ɗiga a wani ɗan ƙoƙon roba, shi ya ishi haƙoran biyu har da saura. Da wani siririn tsinke mai gashi a kai ta dangwala ta goga a cikin ramin, ta jira kamar minti ɗaya, ta share abin da ya yi saura. Shi ke nan. Ummi ta yamutsa fuska ta ce akwai ɗaci, likitar ta ce ɗanɗanon ƙarfe ne, zai wuce. Ba ta yi kuka ba. Duk da basilin ɗin, wani ɗan ɗigo ya taɓa gefen haɓarta, washegari wurin ya yi duhu kamar an sa mata lalle, ya kuma goge da kansa kafin mako biyu. A jikin tufafi kuwa an gargaɗe ni cewa ba ya fita, don haka duk mai zuwa ya sa wa yaro tsohuwar riga.

Da na koma gida na zauna na karanta a kan maganin, saboda ba na son a sa wa 'yata abin da ban san kansa ba. Ruɓewar haƙori ba tsutsa ba ce, ko da yake waɗanda suka ce tsutsa ba su yi nisa da gaskiya ba, tunda abu mai rai ne yake ɓarnar. Ƙwayoyin bakteriya ne da suke zaune a cikin dattin da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da aka sha zaƙi, su ma sun samu abinci, sai su fitar da ruwa mai tsami wanda yake narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. In ɓawon ya huje, ɓarnar ta shiga sashen ciki wanda ya fi taushi, daga nan sai gudu, har ta kai ga jijiya. SDF ruwa ne da ya haɗa abu biyu masu aiki. Azurfar da ke ciki, wajen kashi 25 cikin 100, tana kashe ƙwayoyin. Fuloraid ɗin, wajen kashi 5 cikin 100, yana sa sashen da ya yi laushi ya sake ƙarfi, kuma yawansa ya ninka na makilin ɗin da muke goge baki da shi kusan sau 30. Sai amoniya da ke riƙe su a narke cikin ruwa. Baƙin da ake gani azurfar ce da ta zauna a wurin da ya ruɓe. Lafiyayyen ɓawo ba ya baƙi, shi ya sa a bakin Ummi ramin ne kawai ya yi duhu, sauran haƙorin fari ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne maganin ba sabo ba ne. A Jami'ar Osaka ta ƙasar Japan aka haɗa shi, kuma tun 1970 ake amfani da shi a can da sunan Saforide. Amurka ba ta karɓe shi ba sai 2014, lokacin da hukumarsu ta kula da abinci da magunguna ta amince da shi, shi ma da farko a matsayin maganin zugin da haƙori ke yi in ya ji sanyi. Abin da yake sabo shi ne yawan binciken da aka yi a 'yan shekarun nan. A 2016 masu bincike na Jami'ar Hong Kong sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan haƙoran yara, suka samu cewa kimanin kashi 81 cikin 100 na ramukan da aka shafa wa maganin sun daina ci gaba. Wasu gwaje-gwajen sun nuna cewa shafawa sau biyu a shekara ta fi sau ɗaya aiki. Sai babban gwajin da kwalejin haƙori ta Jami'ar New York ta yi a makarantun firamare na birnin, inda aka bi yara har makaranta ana shafa musu. Sakamakon da suka fitar a 2023, na yara kusan 3,000 a makarantu 47, ya nuna cewa bayan shekara biyu da shafawa sau ɗaya, kusan rabin ramukan sun tsaya, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na yaran an kare su daga sabon rami. A 2024 suka sake fitar da sakamakon yara sama da 4,000 da aka bi har shekara huɗu, SDF bai gaza sauran hanyar da aka gwada shi da ita ba, wato rufe kan turame da siminti, alhali ya fi ta sauƙi da arha.

Na tsaya a kan wannan rabin da gangan. Kashi 81 yana da daɗin ji, amma gwajin New York ya nuna abin da ke faruwa in an shafa sau ɗaya an tafi: rabi ne kawai suke tsayawa. Duk wanda ya ce miki shafa ɗaya ta gama komai, bai gaya miki gaskiya ba. Likitarmu ba ta faɗi haka ba. Ta ce mu dawo bayan 'yan makonni ta duba, sannan duk bayan wata shida a sake shafawa.

Da muka koma, ramukan sun yi baƙi wuluk. Ta sa ɗan ƙarfenta ta taɓa cikinsu, ta ce in saurara, na ji yana ƙwas-ƙwas a kan abu mai tauri, ba laushin da ya yi a zuwan farko ba. Wannan taurin shi ne shaidar cewa ruɓewar ta tsaya. Ummi ta daina dafe kunci in ta sha ruwan sanyi, ta koma cin nama. Amma SDF ba ya cike rami, ramin yana nan, kuma na hagu mai zurfi ne, abinci yana ta taruwa a ciki. Shi ne ta rufe shi da gilas-ayonoma, nan ma babu allura babu inji. Simintin fari ne, ya ɓoye yawancin baƙin, sai ɗan duhu a gefe-gefe. Shi ma yana da tarihinsa: a Landan aka ƙirƙiro shi, aka fara bayyana shi a farkon shekarun 1970, yana manne wa haƙori da kansa kuma yana ci gaba da sakin fuloraid a hankali. Hanyar cike rami da shi da kayan hannu kawai, ba wuta ba inji, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken ne ya fara ta a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980. Wato a Afirka aka haifi dabarar, saboda wuraren da ba su da lantarki.

Kakarta ba ta ji daɗi ba da ta leƙa bakin. Ta ce, "Ke da kika kai ta a gyara, kin dawo da ita haƙori ya mutu?" Na ce, "Hajiya, bai mutu ba, ruɓewar ce ta mutu, baƙin shaidar maganin ne." Ba ta gamsu a ranar ba. Ta gamsu ne da ta ga yarinyar tana gurguran ƙashi a gabanta. Na kawo wannan ne saboda duk mai niyyar yi ya kamata ta sanar da mutanen gida tun kafin a je, musamman in a haƙoran gaba za a shafa. A wurinmu baƙin haƙori a bakin yaro ana ɗaukarsa shaidar sakacin uwa, kuma yara a makaranta ba sa raga wa juna.

Maganin ba na kowane haƙori ba ne. Maƙwabciyata da ta ga na Ummi ta kai ɗanta mai shekara shida, wanda ya daɗe yana kukan dare kuma dasashinsa ya yi ƙurji yana fitar da ruwa. Likitar ta ƙi shafa masa. Ta ce ruɓewar ta riga ta kai jijiya, in ta shafa ta cuce shi, domin ciwon zai ci gaba a ƙarƙashi. Sai da aka cire haƙorin. Maƙwabciyar ta dawo tana ƙorafi, ni kuwa wannan ya ƙara mini yarda da wurin, tunda da kuɗi kawai suke nema da sun shafa sun karɓa. Haka kuma ba a shafa wa wanda jikinsa yake ƙin azurfa, ko wanda yake da gyambo a baki sai ya warke.

Na tambayi likitar batun cikon ƙarfe mai ruwan toka, irin wanda yake bakina tun ina budurwa. Ta ce sun daina sa wa yara. Wannan cikon, amalgam, kusan rabinsa zaiba ce, kuma duniya tana janye jiki daga gare shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan garin Japan da zaiba ta taɓa yi wa mummunar ɓarna. A taron da ƙasashen yarjejeniyar suka yi a Bali ta ƙasar Indonesiya a 2022 aka amince a guji sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, Tarayyar Turai ta hana shi daga Janairun 2025, sannan a taron Janiba na Nuwamban 2025 ƙasashe suka tsayar da 2034 a matsayin shekarar da za a bar shi. Nawa kuwa ta duba ta ce lafiyarsa ƙalau, kar in bari kowa ya tono shi ba dalili.

Yanzu ga inda asibitin suka gaza, kuma ina fata su gyara. Takardar amincewa da aka ba ni in sa hannu, wadda take bayanin baƙin da maganin ke sawa, da Turanci ce zalla. Ni na karanta. Amma a wurin jiran akwai wata baiwar Allah da ta zo daga ƙauye da jikanta, na ga an miƙa mata irin takardar an nuna mata inda za ta dangwala. In likitar ta yi mata bayani a ciki kamar yadda ta yi mini, to madalla, amma magani mai canza kamannin bakin yaro bai kamata a ce amincewa da shi ta rataya a kan takardar da mutum ba ya iya karantawa ba. Shafi ɗaya ne, fassara shi zuwa Hausa, da boko da ajami, ba aikin yini guda ba ne. Sannan yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ba ta da fara'a ga wanda ta ga bai yi mata kama da mai kuɗi ba. Yadda ta amsa wa tsohuwar nan bai yi mini daɗi ba.

Na biyu, jira. An ba mu lokaci, mun zo a kan lokaci, amma tsarin wanda ya riga zuwa ake bi, har da wanda ya san wani. Yaro ɗan shekara huɗu in ya gaji da zama kafin a kira shi, rabin haƙurin da zai yi a ciki ya ƙare. Na uku, babu wanda yake tuna maka da komawa. Maganin da amfaninsa ya dogara a kan maimaitawa duk wata shida, ya kamata a ce akwai mai tura saƙon waya. Sun karɓi lambata a kati, ba su taɓa amfani da ita ba. Ni na rubuta ranar a kalandar kicin.

Kuɗi kuma, shafawar haƙori biyu ba ta kai kuɗin cikon haƙori ɗaya ba, kuma ta yi ƙasa sosai da abin da za a kashe in sai an sa yaro barci. Amma in ka haɗa da kuɗin kati da na hoto da na ganin likita, ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Wannan yana ci mini rai, domin na ga da idona ɗigo ɗaya ne aka yi aikin da shi.

Ban bar wurin ba sai da likitar ta yi mini tambayar abin da Ummi take ci tsakanin abinci da abinci. Ta ce ba yawan zaƙin ne kaɗai matsalar ba, yawan lokutan da ake shan sa ne. Yaron da ya shanye alawarsa bayan cin abinci ya fi wanda yake tsotsar guda ɗaya daga safe zuwa azahar, ko wanda yake yawo da lemon kwali yana kurɓa kaɗan-kaɗan, domin kowace kurɓa sabon tsami ce a kan haƙori. Ta ambaci tuwon madara da gullisuwa da iloka, masu manne wa turame, da shayin dare mai sukari, da maganin tari mai zaƙi da ake ba yaro ya kwanta da shi a baki. Game da goge baki ta ce sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, da makilin mai fuloraid wanda aka rubuta 1,000 zuwa 1,500 ppm a jikinsa, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin. Ɗan ƙasa da shekara uku a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, babba ne zai goge masa, kuma ya tofar kawai, kar a kuskure bakin da ruwa a wanke fuloraid ɗin. Wannan na ƙarshen ya saɓa wa abin da muka taso muna yi. Na tambaye ta aswaki, ta ce ita ma tana yi, yana cire datti sosai in an iya, kuma sunna ce da ba mai cewa a bari. A riƙe shi, a ƙara da makilin safe da dare saboda fuloraid ɗin.

Babansu ya sa na tambayo masa labarin da yake yawo a Facebook, wai an samo allurar da ke sa haƙori ya sake tsirowa. Ta ce labarin yana da tushe. Wani likita ne, Katsu Takahashi na Asibitin Kitano da ke Osaka, shi da abokan aikinsa suka gano cewa in aka toshe wani sinadari a jiki da ke hana ƙarin haƙora fitowa, ɓeraye suna tsirar da sababbi. An fara gwada maganin a kan mutane a Asibitin Jami'ar Kyoto a ƙarshen 2024, a kan maza manya 30, don a fara tabbatar da cewa ba ya cutarwa. Waɗanda aka fara nufa da shi su ne yaran da aka haifa da ƙarancin haƙora, kuma 2030 suke fatan ya fito. Ta ce in gaya masa kar ya jira shi, ya zo a duba turminsa da yake ta ɓoyewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan duk wannan shi ne inda maganin yake da inda ya kamata ya kasance. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa SDF da gilas-ayonoma da makilin mai fuloraid a cikin jerin magungunan da take ganin bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Rahotonta na 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 ne suke fama da ciwon baki da haƙori a duniya, yara miliyan 514 kuma suna da ruɓewa a haƙoran yarinta. A gwajin New York har ma'aikatan jinya aka koya wa shafa maganin, a cikin makaranta, ba kujerar likita ba inji. To me zai hana a same shi a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko a ranar rigakafi? Ma'aikaciyar da za ta riƙa buɗe bakin yara sau biyu a shekara don ta shafa magani, ita ce kuma za ta fara ganin dasashin da ya kumbura yana jini a bakin yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, wanda daga nan cutar noma mai cinye fuskar yara take farawa. Muna da asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Tunda mun iya kai wannan magana gaban duniya, sa 'yar kwalbar SDF a asibitin unguwa bai kamata ya gagare mu ba.

Ga wadda take son gwadawa, ba kowane asibitin haƙori ne yake da shi ba, don haka ki kira ki tambaya da sunansa kafin ki biya kuɗin mota. In kin je, ki faɗi gaskiya a kan ciwon dare da kumburi ko da kina tsoron a ce cirewa za a yi, ki nemi a nuna miki hoton yadda baƙin yake, kuma kar ki fito sai an rubuta miki ranar dawowa.